Layin Naka Ne, Amma Su Wa Ke Kansa? Batun Kulle Wi-Fi a Gusau, Tsafe da Bunguɗu

A ranar 3 ga Satumban 2021, Hukumar Kula da Harkokin Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe turakunsu a faɗin Jihar Zamfara. Gwamnan lokacin, Bello Matawalle, shi ya nemi a yi hakan don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu tsegunta musu labari. Umarnin ya fito ne kwana biyu bayan an kwashe ɗalibai sama da 70 daga makarantar sakandaren Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun. Mako biyu aka ce da farko. Gusau ba ta ga sabis ba sai farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai da Nuwamba ta kusa ƙarewa. A tsakanin nan mutane sun riƙa shiga mota su bi ta Tsafe har Funtuwa don kawai su kira ɗan'uwa ko su tura kuɗi, kafin Katsina ma ta rufe ƙananan hukumominta 13, har da Funtuwar, tafiya ta ƙara nisa.

Wanda ya ɗanɗana wannan ba ya ƙara yarda ya dogara da layi ɗaya. Abubuwan da suka biyo baya ma duk hanya guda suka tura mutane. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya jefa ciniki cikin waya da na'urar POS. A Janairun 2023 ɗin kuma Starlink ta fara aiki a Najeriya, ƙasarta ta farko a Afirka, da farantinta wanda ba ya buƙatar turken kowa. A Janairun 2025 kuma NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari, sai ya zama a sayi data mai yawa a raba ta rauta, wato na'urar raba Wi-Fi, ya fi arha a kan kowa ya sayi tasa. Yau duk wanda ya buɗe Wi-Fi na wayarsa a Tudun Wada ko Samaru ko Sabon Gari a Gusau zai ga sunaye sun jeru: na shagon kwamfuta, na otal, na gidan wani Alhaji, na ɗakin ɗalibai, na ƙaramar MiFi da ke aljihun mai POS. Haka abin yake a bakin titin Tsafe da cikin garin Bunguɗu, ko da yawan bai kai na Gusau ba.

An kashe kuɗi an sayi na'ura. An ƙara kashewa an sayi sola da batir saboda rashin wuta. Abin da yawancin masu rauta ba su yi ba shi ne wanda ba ya cin ko kwabo, wato su zauna na minti ashirin su shiga cikin na'urar su kulle ta yadda ya kamata. A jihar da labarin wa ke gida, wa ya samu kuɗi, wa ya yi tafiya ke iya jawo wa mutum asarar rai, wannan sakaci ya fi ƙarfin a kira shi ƙaramin abu.

Wi-Fi ƙaramin rediyo ne. Yana watsawa a zangon gigahaz 2.4 ko 5, ya ratsa katangar ƙasa da ta bulo, ya fita titi, ya shiga gidan maƙwabci. Ba wanda ya isa ya hana na waje kama abin da ke yawo a iska. Abin da ake iya yi shi ne a mayar da bayanan zaurance kafin su bar waya, ta yadda ko an kama su ba za a gane komai ba, sai rautar da ke riƙe da mabuɗin warwarewa. Irin zaurancen da rauta ke amfani da shi shi ne abu na farko da mai ita zai duba, domin ba duka ne ke da amfani ba.

Na farko, WEP, ya fito tare da ƙa'idar Wi-Fi ta 1997, kuma bai daɗe ba asirinsa ya tonu. A 2001 masana uku, Fluhrer da Mantin da Shamir, suka nuna inda lissafinsa ya rauna. A 2007 wasu masu bincike a jami'ar fasaha ta Darmstadt a Jamus suka fasa shi cikin ƙasa da minti ɗaya. Wanda ya fi ji a jikinsa shi ne TJX, babban kamfanin shaguna na Amurka. Tun 2005 gungun Albert Gonzalez ke ajiye mota kusa da shagunansa, da kwamfuta da eriya, suna shiga ta Wi-Fi mai WEP. Da kamfanin ya fito ya faɗa a 2007, bayanan katunan banki sama da miliyan 45 ne aka riga aka kwashe. Gonzalez ya samu ɗaurin shekara 20 a 2010. Ba su fasa ƙofa ba, ba su ma sauka daga mota ba.

An yi wa WEP faci da WPA a 2003, sannan WPA2 ya zo a 2004 da lissafi mai ƙarfi da ake kira AES, sai WPA3 a 2018. Zaɓin mai sauƙi ne. Idan rauta na da WPA3, a ɗauke shi. Idan akwai tsofaffin wayoyi a gidan da ba sa gane shi, a ɗauki haɗin WPA2 da WPA3. Idan babu, a tsaya kan WPA2-PSK tare da AES. Duk inda aka ga WEP, ko TKIP, ko aka bar wurin a buɗe babu komai, a sauya nan take. Wanda maganar tsaro ba ta motsa shi ba, to ya san cewa TKIP da WEP suna daƙile gudun rauta, su tsayar da ita a megabit 54 komai ƙarfinta. Rautar da ba ta da WPA2 ko kaɗan, irin tsofaffin kwance da ake sayarwa da arha, ta gama aiki, jefar da ita ya fi riƙe ta.

Sai dai a gaskiya ba a nan yawancin ɓarakar take ba, domin sababbin na'urori kan zo da WPA2 a kunne. Ɓarakar tana wajen kalmar sirri, fasuwod ɗin da kowa ke tambaya. Ƙa'ida ta yarda a sa daga harafi 8 zuwa 63. Mutane kuwa sukan tsaya a ƙasa: 12345678, ko sunan ɗan fari da shekarar haihuwarsa, ko sunan shago, ko bismillah, ko kuma abin da ya fi yawa, lambar wayar mai gida. Hujjar ita ce ba a manta ta, kuma lamba 11 ai doguwa ce.

Ba doguwa ba ce. A 2021 wani mai bincike na kamfanin CyberArk, Ido Hoorvitch, ya zaga unguwannin Tel Aviv da kayan aiki masu arha a jakarsa, ya tattaro sawun Wi-Fi 5,000, ya koma ofis ya fasa kusan kashi 70 cikin ɗari, kuma kaso mafi girma lambobin waya ne. A yi wannan lissafi da lambobin Najeriya. Kowace lamba tana farawa da sanannen kai, 0803 ko 0806 ko 0703 ko 0802 ko 0805 da 'yan'uwansu. Abin da ya rage lamba bakwai ne, wato zaɓi miliyan 10 ga kowane kai. Ko da kawunan sun kai 50, jimilla miliyan 500 ke nan. Kwamfuta mai katin hoto mai ƙarfi, irin wadda samari ke buga gem da ita, tana gwada kalma dubu ɗaruruwa a daƙiƙa guda. Ba za ta cika awa ɗaya ba ta gama da kowace lambar waya ta ƙasar nan. A Gusau ma ba a buƙatar wannan wahala, tunda lambar tana rubuce da fenti a allon shagon.

Abin da ke sa wannan hari ya yi haɗari shi ne mai rauta ba ya ganin sa. Duk lokacin da waya ta hau Wi-Fi, ita da rautar suna musayar saƙo huɗu don tabbatar da juna. Mai neman shiga zai kama wannan musaya, ya tafi da ita ɗakinsa, ya yi ta gwaji har ya dace, rautar ba ta san ana yi ba. Tun 2018, da Jens Steube mai manhajar Hashcat ya bayyana wata sabuwar dabara, a rauta da yawa ba sai an jira wata waya ta hau ba. Babbar fa'idar WPA3 ita ce ya toshe wannan hanya, dole kowane gwaji ya zo ta gaban rautar ɗaya bayan ɗaya. Ga wanda ke kan WPA2 kuwa, tsawo ne kaɗai maganinsa. Kalmomi huɗu ko biyar na Hausa da ba su da alaƙa da juna, a sa lamba a tsakani, misali raƙumi da tsintsiya da sunan wani ƙauye da lemo, sun fi ƙarfin kowace kwamfuta da ke kasuwa, kuma sun fi sauƙin riƙewa a kan tarkacen alamomi takwas. Kada dai a ɗauko karin magana ko addu'a da kowa ya sani.

Akwai kalmar sirri ta biyu, wadda mutane da yawa ba su ma san da ita ba. A kifa rautar a duba ƙasanta, ko a ɓalle murfin MiFi a ɗaga batir. Akwai 'yar takarda manne a wurin, ɗauke da sunan Wi-Fi, da fasuwod, sannan a ƙasa da wasu lambobi kamar 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, kusa da su an rubuta admin, sau da yawa admin sau biyu. Waɗannan lambobi adireshin ɗakin sarrafa rautar ne. Duk wanda ke kan Wi-Fi ɗin zai iya rubuta su a burauzar wayarsa, ya sa admin, ya zama shi ne mai gida. Zai ga jerin duk wayoyin da ke kai da sunayensu. Zai iya ganin fasuwod ko ya canza shi. Zai iya sauya adireshin DNS, wanda shi ke nuna wa waya hanyar kowane shafi, ya karkatar da mutane zuwa shafin bogi.

Ga kuma wani abu da ya shafi Najeriya kai tsaye. Rauta da MiFi masu cin sim suna da wurin karanta saƙonnin tes a cikin wannan ɗakin sarrafawa, wasu har da wurin danna lambobin USSD. Mutane da dama tsohon layinsu suke zarewa su sa a MiFi, layin da suka buɗe asusun banki da shi shekaru da suka wuce. Ma'ana, alat na kuɗi da lambar tabbatarwa ta OTP suna sauka a wurin da duk yaron da ya san admin zai iya karantawa. Mai POS da ke da irin wannan tsari ya gaggauta raba su: layin banki a wayarsa, layin data daban a rauta, kalmar admin kuma a canza ta yau. Barin kalmar da kamfani ya sa ba ƙaramar matsala ba ce ko a manyan ƙasashe. A Oktoban 2016 manhajar ɓarna ta Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan kyamarori da rauta da jerin kalmomi kusan 60 kacal irin su admin, ta yi amfani da su ta durƙusar da Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka na tsawon sa'o'i.

Maɓallin WPS ma a kashe shi. An yi shi ne don sauƙaƙa haɗa na'ura ba tare da rubuta fasuwod ba, ta lambar sirri mai lamba takwas. A Disambar 2011 Stefan Viehböck ya nuna cewa rauta na duba lambar rabi-rabi, ta ƙarshe kuma lissafo ta ake yi, don haka gwaji 11,000 ya isa. Manhajojin da samari ke saukewa da sunan fasa Wi-Fi galibi wannan rami suke nema.

To wa ake tsoro? Kada a ƙara wa magana gishiri. Ba ɗan bindiga ne zai fito daga dajin Tsafe da kwamfuta a cinya ba. Wanda zai hau layin mutum na kusa ne: yaron maƙwabta, tsohon yaron shago da aka rabu da shi ba daɗi, mai gyaran da ya haɗa rautar ya tafi da kalmar a kansa, baƙon da ya kwana ɗaya a otal. Yawancinsu data kawai suke so, su sauke fim su kalli TikTok, mai gida ya wayi gari ya tarar ta wata guda ta ƙare a kwana goma ya hau zagin kamfani. Wannan asarar kuɗi ce, ana jure ta. Abin da ba a jurewa shi ne ranar da ɗaya daga cikinsu ya aikata wani abu ta layin.

Tun Disambar 2020 gwamnati ta fara tilasta haɗa kowane sim da lambar NIN, aka rufe wa'adin ƙarshe a Satumban 2024. Sim ɗin da ke cikin rauta yana ɗauke da sunan mai shi, da hotonsa, da zanen yatsunsa. Wanda ya yi damfara ta wannan layi, ko ya aika saƙon barazana, ko ya tura wa wani bayani, sawun farko ba kansa zai koma ba, kan mai rautar zai koma. An ga haka a Indiya. A ranar 26 ga Yulin 2008, 'yan mintuna kafin bama-bamai su tashi a birnin Ahmedabad, an aika wa kafofin labarai saƙon imel na ɗaukar alhaki. Da aka bi sawu, sai aka sauka a gidan wani Ba'amurke mazaunin Navi Mumbai, wanda Wi-Fi ɗinsa aka hau. Makonni kaɗan bayan haka aka sake yin irin wannan ta Wi-Fi na wata kwaleji da na wani kamfani a Mumbai. A can an yi bincike an gane. A Zamfara, inda kalmar infoma kaɗai ta isa ta sa a kama mutum ko unguwa ta juya masa baya, wa ke da tabbacin za a tsaya a saurari bayaninsa cewa ba shi ba ne, wani ne ya hau rautarsa?

Sunan Wi-Fi kansa magana ne. Rauta na shelanta shi kusan sau goma a kowace daƙiƙa ga duk mai wucewa, akwai kuma shafuka irin su WiGLE da ke tara waɗannan sunaye a kan taswira tun 2001. Mutumin da ya sa wa nasa cikakken sunansa da sana'arsa, ko ya rubuta cewa nan ne ɗakin kwanan ɗalibai mata, ya ba da labarin da ba wanda ya tambaye shi. Mutanen Sabon Gida ta ƙaramar hukumar Bunguɗu ba su manta daren 22 ga Satumban 2023 ba, lokacin da aka shiga gidajen haya aka tafi da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, yawancinsu mata. Ba ta Wi-Fi aka yi wannan ba, amma ya isa ya nuna wa kowa darajar a rufa wa gida asiri. A sa suna marar ma'ana, wanda ba ya nuna mai shi, ba ya nuna samfurin na'urar. Haka kyamarorin tsaro da ake ta maƙalawa a gidaje da shaguna saboda halin da ake ciki: idan suna kan Wi-Fi ɗaya da baƙi, kuma ba a canza kalmar da suka zo da ita ba, to na waje ma na iya kallon tsakar gida da su.

Duk wannan bayani yana cin karo da abu ɗaya, wato kunya. Bazamfare ba ya iya hana maƙwabcinsa ruwa, haka ba ya iya hana shi fasuwod. Yaro zai zo ya durƙusa ya gaishe shi: "Baba, a taimaka a sa mani fasuwod, ina son in duba sakamakon jarrabawa." Alhaji zai karɓi wayar, ya juya baya, ya danna da kansa don kada yaron ya gani, ya miƙa masa yana ganin ya yi dabara. Yaron ba zai kai ƙofar gida ba sai ya shiga saitin Wi-Fi ya danna wurin rabawa. Tun daga Android 10 na 2019, waya na fito da hoton QR na duk Wi-Fi da ta taɓa hawa, a wayoyi da yawa har da kalmar a rubuce ƙarƙashinsa. Abokinsa zai ɗauki hoton, ya tura a zauren WhatsApp na majalisarsu. Idan kuma a cikinsu akwai mai manhaja irin WiFi Master ko Instabridge, waɗanda aikinsu shi ne tara kalmomin da masu amfani da su suka raba, to kalmar ta bar unguwa ma gaba ɗaya.

Ba daidai ba ne a ce wa mutane su daina kyauta. Ba za su daina ba, kuma bai kamata su daina ba, domin ɗalibi da yawa da Wi-Fi na maƙwabci yake cike fom ɗin makaranta. Tsarin gidan Bahaushe ya riga ya warware wannan tun da daɗewa: baƙo yana da zaure, a shimfiɗa masa tabarma a kawo masa ruwa, amma ba ya wucewa cikin gida. Rauta da yawa na da irin wannan, sashen baƙi, wanda aka rubuta wa Guest a ɗakin sarrafawa. Wi-Fi ne na biyu da sunansa daban da kalmarsa daban. Wanda ya hau shi zai samu intanet, amma ba zai ga kyamara ba, ba zai ga kwamfutar shago ba, ba zai kai ga ɗakin sarrafawa ba. A wasu na'urorin ana iya ƙayyade masa gudu ko yawan mutane. Ana canza kalmarsa duk Juma'a ko duk ƙarshen wata ba tare da an taɓa wayoyin iyali ba. An yi alheri, ba a ji kunya ba, ba a kuma buɗe ciki ba. Wanda MiFi ɗinsa ba ta da wannan sashe, ya rage adadin na'urorin da za su iya hawa, ya riƙa duba jerin, ya riƙa sauya kalma.

Akwai dabaru biyu da masu gyara ke son nunawa, ɓoye sunan Wi-Fi da tace wayoyi ta lambar MAC. Ba su da wani ƙarfi. Sunan da aka ɓoye yana bayyana da zarar waya ɗaya ta hau, lambar MAC kuwa ana kwaikwayonta, wayoyin yanzu ma da kansu suke sauya ta. Wanda ya dogara da su ya bar fasuwod mai rauni bai yi komai ba.

Masu sayar da Wi-Fi na awa ko na yini, musamman masu farantin Starlink a wuraren da sabis ke wahala, nasu nauyin ya fi. Sabuwar rautar Starlink a buɗe take fitowa har sai mai ita ya sa mata kalma, haka take komawa idan aka mayar da ita saitin asali. Tsarin tikiti kuma, inda mutum ke hawa kai tsaye sannan shafi ya buɗe ya nemi lambar da ya saya, yana kare kuɗin mai sana'a ne, ba ya kare bayanan kwastoma, domin iskar da ke tsakanin waya da rauta ba ta da zaurance. Gaskiya ne manhajojin banki da WhatsApp da yawancin shafuka yanzu suna da nasu kullen, wannan ya rage haɗarin sosai. Amma har yanzu wani na iya kunna Wi-Fi mai suna iri ɗaya a gefe, ya fito da shafin bogi yana neman lambar kati ko kalmar Facebook. Mafi ƙarancin abin da ya wajaba a kan mai wannan sana'a shi ne ya kunna saitin da ke hana wayoyin kwastomomi ganin juna, ya raba na'urar POS ɗinsa da Wi-Fi na jama'a, ya kuma san su wa yake sayar wa. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta wajabta wa masu kafe su ajiye rajistar masu shiga. Mai sayar da tikiti a bakin kasuwa, ko doka ba ta ambace shi da suna ba, wannan rajista ita ce shaidarsa ranar da aka zo tambaya.

Sabunta manhajar cikin rauta ma wajibi ne. A Oktoban 2017 Mathy Vanhoef na jami'ar Leuven ta Beljiyam ya gano ɓaraka a WPA2 kansa, wadda aka sa wa suna KRACK, a 2019 kuma shi da Eyal Ronen suka gano wasu a WPA3. An toshe su, amma ga wanda ya sabunta kaɗai.

Ga asibitoci da makarantu da ma'aikatu, maganar ta wuce ta shawara. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su. Wurin da ke da ma'aikata ɗari bai kamata ya zauna da kalma ɗaya da aka manna a bango ba, wadda wanda aka sallama bara ma yana da ita. Akwai tsarin WPA na ma'aikatu, inda kowa ke shiga da sunansa da kalmarsa, in ya bar aiki a goge shi kaɗai. JAMB ta fahimci girman abin, shi ya sa ta sharɗanta wa cibiyoyin jarrabawarta su haɗa kwamfutocinsu da kebul. Jami'ar Tarayya ta Gusau, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, da Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe suna da ɗalibai da malaman da za su iya wannan aiki, su kuma koyar da shi a gari.

Laifin bai tsaya kan mai rauta kaɗai ba, kuma zalunci ne a bar shi da shi. An sayar masa da na'ura mai takardar bayani da Turanci ko Sinanci, an haɗa masa ita cikin minti biyar, ba wanda ya ce masa akwai admin. Birtaniya ta hana sayar da na'urorin intanet masu kalmar sirri ta bai-ɗaya ko mai sauƙin cinka tun 29 ga Afrilun 2024, jihar Kalifoniya ta Amurka ta riga ta tun 2020. NCC ce ke tantance kowace na'urar sadarwa kafin a sayar da ita a Najeriya, don haka tana da ikon sa irin wannan sharaɗi, kamfanonin waya da ke raba rauta da tambarinsu kuma suna iya sa takarda guda ta Hausa a cikin kwali. Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta jihar, ZITDA, ba ta buƙatar jiran Abuja kafin ta tara masu sayar da rauta da masu haɗa sola da kyamara na Gusau da Tsafe da Bunguɗu, ta koya musu abin da za su yi kafin su karɓi kuɗin aiki, ta kuma kai bayanin gidajen rediyo.

Kafin hukuma ta motsa, duk mai rauta ya kifa ta yau ya karanta takardar da ke ƙasanta, ya canza kalmar admin, ya zaɓi WPA2 ko WPA3, ya cire lambar wayarsa daga fasuwod, ya kashe WPS, ya buɗe wa baƙi nasu sashen. Wanda ba zai iya da kansa ba ya kira wanda ya yarda da shi su zauna tare, amma kalmar ƙarshe shi zai rubuta da hannunsa bayan mai taimakon ya kau da kai.